Zanen Tanjor da 'Yan'uwansa: Tambayoyi da Amsoshi kan Zanen Gargajiya na Abubuwan Bautar Hindu

Mai kallon finafinan Indiya ya saba ganin waɗannan hotuna a kusurwar ɗakin ibada, ga fitila a gabansu, ga furanni rataye a kan firam. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi sana'ar kanta: da me ake yin zanen, yaya ake yinsa, ina yake ɓaci. Mun fi tsayawa a kan zanen Tanjor domin shi ya fi yawan matakai, shi kuma aka fi yi wa jabu.

Zanen iri ɗaya ne a duk faɗin Indiya?

A'a. Kowane yanki da nasa, kuma abin da ake zanen a kansa shi ya fi raba su. Tanjor na garin Thanjavur ne a jihar Tamil Nadu, a kan allon katako ake yinsa da zinare da duwatsu masu walƙiya. Ya yi tashe a zamanin sarakunan Maratha da suka riƙe garin daga 1676 zuwa 1855, musamman Serfoji na Biyu. Pattachitra na jihar Odisha ne, a kan ƙyalle da aka sandarar, kuma ƙauyen Raghurajpur kusa da Puri shi ne cibiyarsa. Kalamkari na Srikalahasti a Andhra Pradesh rini ne ake zanawa da alƙalamin gora. Kalam ɗin nan da ke farkon sunan tushensa ɗaya da alƙalaminmu. Pichwai labule ne da ake ratayawa a bayan gunkin Shrinathji, wata siffa ta Krishna, a garin Nathdwara na Rajastan. Madhubani na matan Mithila ne a Bihar, a bangon ɗakin amarya ya fara, sai bayan farin da aka yi a 1966 aka mayar da shi kan takarda don matan su sami abin sayarwa. A Kerala kuwa a bangon wuraren bauta da na fada ake yi, kamar fadar Mattancherry a Kochi.

Ta yaya ake gane wanda aka zana?

Ba da fuska ba. Fuskokin kusan duk ɗaya ne: zagayayyiya, manyan idanu, ɗan murmushi. Hannu za ka duba, sannan dabbar da ke kusa. Vishnu hannu huɗu gare shi, riƙe da babban koɗin teku, faifai mai kaifi, kulki, da fure mai kama da na bado. Shiva yana da mashi mai baki uku, jinjirin wata a gashinsa, maciji a wuya, da ido na uku a goshi. Krishna sarewa da gashin ɗawisu. Rama baka da kibiya, sau da yawa da Hanuman mai siffar biri durƙushe a gabansa. Ganesha ba ya ɓuya, kan giwa ne da haure ɗaya karyayye, ga ɓera a ƙafarsa.

Matan ne ke rikita baƙo. Lakshmi tana kan fure, tsabar zinare na zuba daga tafinta, wani lokaci giwaye biyu suna zuba mata ruwa. Saraswati fararen kaya ne da dogon abin kiɗa mai tsirkiya da ake kira vina. Durga tana kan zaki ko damisa, makamai a hannuwa takwas ko goma, tana soke aljanin da ya fito a siffar ɓauna. Idan mai zane ya ba Saraswati tsabar kuɗi, ko ya sa wa Shiva gashin ɗawisu, mai saye na can zai mayar da kayan komai kyawunsu.

Ke nan mai zane ba ya ƙirƙiro nasa?

Kaɗan ƙwarai. Akwai tsofaffin littattafan ƙa'ida da ake kira Shilpa Shastra, da wani babi mai suna Chitrasutra a cikin Vishnudharmottara Purana, da suka tsara awo. Ma'aunin shi ne tala, wato tsawon fuska daga gaban goshi zuwa haɓa, kuma tala ɗaya angula 12 ne, angula kuwa faɗin yatsa. Manyan abubuwan bauta irin su Vishnu da Shiva tala goma ake ba su, kimanin angula 120, mutum gama-gari tala takwas. Ganesha biyar kawai, shi ya sa yake fitowa gajere mai tumbi.

Inda gwani ke nuna kansa shi ne tsabtar layi, zubin kayan ado, da yadda ya cika gefe. Almajirin wannan sana'a yakan daɗe yana maimaita hannu ɗaya da fure ɗaya kafin a bar shi ya taɓa fuska.

Waɗanne kaya ake buƙata don zanen Tanjor?

Allo tukuna. Da can katakon itacen jak ko na tik ake amfani da shi, shi ya sa a harshen Tamil ake ce wa zanen palagai padam, hoton allo. Yau filawud mai jure ruwa ya maye gurbinsa, kaurin milimita 6 ga ƙaramin aiki, 10 zuwa 12 ga babba. Sai farin ƙyallen auduga marar kauri, garin alli mai laushi, ƙaro, samfefa mai laushi, duwatsun gilashi masu baya shafe, takardar zinare karat 22, reza, burushi daga siriri zuwa matsakaici, da launuka.

Ƙaron nan shi ne dai wanda muka sani. Indiya tana da nata na bagaruwa, wadda suke kira babul, tana kuma sayo na ƙasashen Afirka. Masu koyarwa na yanzu da yawa suna haɗa shi da farin gam na kafintoci don ya yi saurin kamawa.

Yaya matakan aikin suke?

A fara da wanke ƙyallen a fitar da sitatin masana'anta, domin sitati yana hana gam shiga zare. A yanka shi ya ɗara allon da kamar inci biyu ta kowane gefe. A shafe allon da gam, a ɗora ƙyallen, a riƙa lallatsa shi daga tsakiya zuwa baki har iska ta fita, a naɗe rarar ta baya. A bar shi ya kwana.

Ƙaro kuma tun daren jiya ake jiƙa shi, awo ɗaya na ƙaro a awo biyu na ruwa, da safe a tace da ƙyalle don ɓawo da yashi su fita. A dama alli da ruwan ƙaron ya yi kaurin koko, a shafe allon da shi sau uku. Shafin farko a kwance, na biyu a tsaye, na uku a kwance, kowanne sai ya bushe sarai a inuwa kafin na gaba. Daga nan a goge da samfefa har yatsa ya bi ta kai bai ji zaren ƙyalle ba. Wannan matakin ne masu koyo suka fi gaggautawa, alhali duk wani rami da aka bari a nan sai ya fito a fuskar hoton.

Sai a sauke zanen a kan allo, a manna duwatsu a wurarensu: kambi, sarƙa, munduwa, ginshiƙai biyu da bakan da ke kewaye da hoton. Bayan sun kama sai aikin tudu, wanda suke kira makku. Alli da ƙaro ne dai, amma kauri biyu ake damawa. Mai ruwa-ruwa ake fara zubawa da burushi ya kewaye duwatsun ya cika wuraren da za a sa wa zinare. Idan ya bushe sai mai kauri, wanda in ka ɗiga shi a faranti zai tsaya kamar ƙwayar gero bai baje ba. Shi ake zubawa a leda mai tsinin baki irin ta masu lalle, a zana ɗigo-ɗigo da ganye da igiya a kan tudun farko. A ba shi kwana ɗaya zuwa biyu, a damina fiye da haka.

Zinare yana zuwa kafin launi. A auna wurin da takarda, a yanka zinaren ya ɗan ɗara, a shafa gam siriri, a ɗora, a danna da ƙyalle mai laushi, sannan a bi da gindin burushi a hankali har kowane ɗigo na ƙasa ya fito. Duwatsun a lokacin suna rufe. Da bakin reza ake zagaye kowane ɗaya a cire zinaren da ke kansa. Launi ne ƙarshe: bango ja ko kore ko shuɗi mai duhu, sai tufafi, sai jiki, ana ɗan duhunta gefen gaɓoɓi don su yi kamar sun taso. Ƙaramin allo yakan ci mako biyu zuwa uku, kuma yawancin kwanakin jiran bushewa ne.

Me ke sa tudun ya tsage ko ya ɓamɓare?

Ƙaro ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In ya yi yawa, makkun yana ƙanƙancewa yayin bushewa, ya ja kansa ya yi tsaga kamar ƙasan tafki a bazara. In ya yi kaɗan, allin ba ya kama juna, kana shafawa yana bin yatsa. Kafin a taɓa allon gaske a yi layi ɗaya a guntun katako a bar shi ya bushe: in farce ya kankare shi ya zama gari, a ƙara ƙaro, in ya yi sheƙi kamar gilashi ya tsage, a ƙara alli.

Sauran dalilan uku ne. Zuba tudu mai tsayi a karo ɗaya, sama ta bushe ciki na ɗanye, daga baya ya rufta. Shanya allo a rana ko gaban fanka don a yi sauri. Da kuma shafe gaban allo kaɗai a bar bayansa tsirara, gefe ɗaya ya sha ruwa ya kumbura, allon ya lanƙwashe, tudun da ba ya lanƙwasa ya karye. Shafi ɗaya na gam ko fenti a bayan allon yana maganin wannan.

Ƙananan ramuka kamar hujin allura kuwa kumfa ce, an kaɗa makkun da ƙarfi. A dama a hankali, a bar shi ya huta kafin a zuba a leda.

Zinaren na gaske ne?

A aikin kirki, e. Karat 22 yana nufin kashi 91.6 cikin ɗari zinare ne, amma takardar siririya ce ƙwarai, don haka kada mai saye ya ɗauka nauyin allon nauyin zinare ne. Kuɗin aikin hannu ake biya. Na jabu ana yinsa da takardar tagulla ko alminiyam da aka rina. Sabo fil ba a cika bambanta su da ido ba, sai dai na jabun yakan yi ƙyalli mai kaifi kamar takardar alewa, na gaske kuwa haskensa a kwance yake. Shekaru ne ke tona asiri: tagulla tana dushewa ta yi baƙi-baƙi ko kore a cikin lungunan tudu, zinare yana nan yadda yake. Kada a gwada da kankara, domin ko na gaske ne zai yage. A sa mai sayarwa ya rubuta karat ɗin a rasit. Sunan Tanjor yana da rajistar kariya ta gwamnatin Indiya da ke danganta sana'a da yankinta, amma rajistar ba ta hana kasuwa cika da kwaikwayo ba.

Mene ne bambancin Tanjor da zanen Maisur?

Dangin juna ne, duka biyun daga al'adar daular Vijayanagara suka fito. Na Maisur a kan takarda ake yi, tudunsa ƙasa-ƙasa ne, zinarensa ya fi siriri, ba a cika sa duwatsu ba, launukansa kuma a sanyaye. In ka kalli allo ta gefe ka ga kambi ya taso har yana yin inuwa, Tanjor ne.

Yaya ake mayar da ƙyalle ya zama allon Pattachitra?

Da ƙwallon tsamiya. Ana jiƙa 'ya'yan kwana biyu zuwa uku, a niƙa, a dafa ya zama kunu mai danƙo. Da shi ake manna tsofaffin zannuwan auduga biyu su zama ɗaya. Sai a haɗa kunun da garin alli a shafe gaba da baya, a shanya, a goge da dutse mai kaushi sannan mai santsi, har ƙyallen ya koma kamar fata.

Launukan asali biyar ne. Fari daga koɗin teku da aka daka aka jiƙa aka tace, baƙi daga kunkunniyar fitila, ja daga dutsen hingula, rawaya daga haritala, shuɗi daga baba ko wani dutse. Ƙaron itacen kaitha ke ɗaure su, a ɓawon kwakwa ake damawa. Hingula zaiba ce a cikinsa, haritala kuma asenik, duka guba ne, don haka ba a tsotsar bakin burushi don a yi masa tsini, ba a kuma daka su ba tare da rufe hanci ba. Burushin layi mafi siriri da gashin ɓera ake yinsa. Gwanaye ba sa fara zane da fensir, da burushi suke shata siffar kai tsaye, a cika launuka, baƙin layi ya zo a ƙarshe, kuma dole a kewaye hoton da iyaka mai furanni. Daga nan a riƙe ƙyallen a saman garwashi a shafa masa ƙaron lak mai sheƙi kamar varnish ya kare shi daga ruwa.

Wannan zane yana da aiki na musamman a wurin bautar Jagannath, babban abin bautar garin Puri. Kowace shekara ana yi wa gumakan wanka da tulu 108 na ruwa, sai a ce sun kamu da zazzaɓi, a ɓoye su kimanin kwana 15. A kwanakin nan zanen ƙyalle ne ke tsayawa a madadinsu.

Me ya sa baƙin Kalamkari ba ya fita a wanki?

Domin ba fenti ba ne da ke zaune a saman zare. Ana zuba guntayen ƙarfe masu tsatsa da mazarƙwaila da ruwa a tukunya, a rufe mako biyu zuwa uku ya yi tsami. Ruwan da ke fitowa, kasimi, kusan ba shi da launi. Ƙyallen kuwa an riga an jiƙa shi a ruwan 'ya'yan itacen karakkaya masu bauri haɗe da madarar ɓauna. Da alƙalami ya taɓa shi, ƙarfen ya haɗu da baurin, layin ya yi baƙi a cikin zaren kansa. Dukawanmu sun san wannan, haka kuloko ke yi a kan fatar da aka jeme da bagaruwa. Maiƙon madarar shi ke hana layin bajewa; in madarar ta yi tsalala, zane zai yi gashi-gashi a gefe.

Ja kuma da alif ake kama shi. A shafa ruwan alif a inda ake son ja, a wanke rarar a ruwa mai gudu, sannan a tafasa ƙyallen da saiwar rini. Inda alif ya zauna kaɗai ke yin ja. A Srikalahasti kogin Swarnamukhi ake kai wankin, saboda a baho alif ɗin da ya saki yakan koma ya zauna a farin wuri, bayan tafasa duk ƙyallen ya yi dabbare-dabbare.

Me ya sa Krishna shuɗi ne?

Sunansa a harshen Sanskrit yana nufin mai duhun fata, kuma littattafansu suna kwatanta shi da hadarin damina. Masu zane suka fassara wannan da shuɗi. Ba doka ba ce ko'ina: a kudu sau da yawa Rama kore ne, a Tanjor kuma Krishna jariri mai tukunyar man shanu yakan fito fari da ɗan shuɗi a gefen jiki.

Da gaske ido ake zanawa a ƙarshe?

E. A wurinsu sa ƙwayar ido shi ne buɗe idon hoton, daga nan ya tashi daga aikin hannu ya zama abin girmamawa. A zanen bangon wuraren bauta har biki ake yi wa matakin.

'Yan Hindu kaɗai ke wannan sana'a?

A'a. A Bengal ta Yamma akwai masu zanen naɗi da ake kira patua, da yawansu Musulmi ne, kamar na ƙauyen Naya a Pingla. Suna zana labaran Ramayana, tsohon littafin Hindu na labarin Rama, a doguwar takarda, suna warware ta suna rera labarin. A fadar Mughal ma, ta sarakunan Musulmi da suka mulki Indiya, sarki Akbar ya sa an fassara Mahabharata, wani babban littafin labaran Hindu, zuwa Farisanci tun daga 1582, da sunan Razmnama, masu zanen fada, Hindu da Musulmi, suka ƙawata shi da hotuna.

Hotunan kalanda da ake gani a shagunan Indiyawa suna cikin wannan?

Jikoki ne, amma ta wata hanya. Raja Ravi Varma, wanda ya rayu daga 1848 zuwa 1906, ya zana abubuwan bautar da fentin mai a salon Turawa, da inuwa da zurfi kamar mutane na gaske, ya kuma buɗe maɗaba'a a Bombay a 1894. Daga nan Lakshmi da Saraswati irin nasa suka shiga kowane gida da araha.

Don gane bugun inji, a sa gilashin ƙara girma. Bugu ɗigo-ɗigo ne jere a tsari, aikin hannu kuwa layinsa yana kauri yana sirancewa, kuma fure biyu ba sa zama daidai. Akwai na tsakiya da ya fi yaudara: a buga fuska da jiki da inji, a manna a allo, a yi tudu da zinare da hannu. A irin wannan fuskar za ka duba, ba kambin ba.

Ana iya fita da shi daga Indiya?

Sabo, babu matsala. Tsoho kuwa dokar kayan tarihi ta 1972 ta hana mutum fitar da duk abin da ya kai shekara 100. In zanen yana da kamar tsufa, ko da tsufan na shafi ne, a nemi takardar shaida daga hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya cewa bai shiga wannan rukuni ba, in ba haka ba kwastan na iya riƙe shi a filin jirgi.

Yaya ake adana shi, musamman a ƙasa mai hunturu?

Allo da ƙyalle da ƙaro duk suna shan danshi suna fitarwa. Sun fi zama lafiya in danshin iska yana tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Kano ko Zinder hunturu yana sauke shi ƙasa da 20, damina ta mayar da shi sama, kuma wannan kai-da-komo ne ke tsaga tudun Tanjor. A sa shi a firam mai gilashi, a bar tazara tsakanin gilashin da tudun, a rufe bayan da kwali mai kauri a liƙe gefuna don ƙura da kyankyaso. A rataye a bangon cikin gida, nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki, a sa ɗan toshi a bayan firam ta ƙasa don iska ta wuce. Rana kai tsaye tana cinye rawaya da ja na Kalamkari da Madhubani tun kafin baƙi ya motsa.

Kada jiƙaƙƙen tsumma ya taɓa fuskar zane. Ƙaro narkewa yake a ruwa ko bayan shekaru. Ƙura da busasshen burushi mai laushi ake kaɗe ta. Pattachitra da Pichwai ba a ninke su, naɗe su ake yi a kan bututu mai faɗi, fuskar zanen tana waje, da farar takarda marar asid a tsakani. In an ga garin katako a ƙasan firam, ƙwaro ya shiga: a sauke shi, a ware shi daga sauran kayan katako, a kwantar da shi fuska sama don guntayen da suka saki kada su zube, a tattara duk dutsen da ya faɗo a ambulan a ajiye wa mai gyara.